Filin Tambaya da Amsa: Yadda Ake Gane Ƙwanson Chesapecten jeffersonius

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce mai nazarin halittu. Na ga hoton wani faffaɗan ƙwanson teku mai kama da mafici, an rubuta Chesapecten jeffersonius a ƙasansa, an ce irinsa ya ƙare a duniya. Wane gida yake cikin rabe-raben halittu, kuma da me ake bambanta shi da danginsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Wannan halitta tana cikin Mollusca, wato masu taushin jiki irin su dodon koɗi. A cikinsu tana ajin Bivalvia, masu ƙwanso biyu da ke buɗewa da rufewa, sannan tana gidan Pectinidae. Idan kin san tambarin kamfanin mai na Shell, to kin san fasalin 'yan wannan gida.

Ta rayu ne kimanin shekara miliyan 4 zuwa 5 da suka wuce, a zamanin da masana ke kira Filiyosin, lokacin da teku marar zurfi ya rufe gabashin jihar Bajiniya ta Amurka. Ana tono ƙwansonta a shimfiɗar ƙasa ta Yorktown, musamman a gaɓar kogin James. Masanin halittu Martin Lister ya buga zanenta a 1687, wani masanin, Thomas Say, ya raɗa mata suna Pecten jeffersonius a 1824 don girmama tsohon shugaban Amurka Thomas Jefferson, sai masana Ward da Blackwelder suka mayar da ita jinsin Chesapecten a 1975. A 1993 Bajiniya ta ɗauke ta a matsayin tambarin burbushin halittun jihar.

Babban abin dubawa shi ne haƙarƙarin ƙwanson, wato tudun nan da ke tasowa daga tsinin bayansa su bazu zuwa baki. Na jeffersonius yawanci 9 zuwa 12 ne, masu faɗi da kauri. Na ɗan'uwansa Chesapecten madisonius, wanda ya zo bayansa, sun fi yawa kuma sun fi siranta. A nan ne mutane ke yin tuntuɓe. Kowane haƙarƙari yana ɗauke da ƙananan zane-zane masu kaushi a kansa da tsakaninsa da na kusa, kuma a bakin ƙwanson sukan fito fili har a ɗauka su ma haƙarƙari ne. Ki yi ƙidaya a tsakiyar ƙwanson, ki haska tocila daga gefe don inuwa ta fito da manyan, kada kuma ki haɗa da zanen da ke kan kunnuwa.

Kunnuwan su ne fikafikai biyu da ke gefen maƙallin, wato inda ƙwanso biyun suka haɗu. A ƙarƙashin kunnen gaba na ƙwanson dama akwai 'yar tsaga, ta nan zaren da ƙaramar halittar ke maƙalewa da shi a jikin wani abu yake fitowa. Da ita ake gane dama da hagu. Ki juya ciki kuma, za ki ga tabo ɗaya tak na tsokar da ke rufe ƙwanson, da ɗan rami mai kusurwa uku a tsakiyar maƙallin.

Tambaya: Malam, idan mutum ya samu irin wannan ƙwanson, yaya zai tsabtace shi?

Amsa: Ruwa da tsohon buroshin goge baki mai laushi sun isa. Ka guji ruwan tsami kowane iri, ko da ruwan kal ne, domin ƙwanson ma'adinin kalsayit ne, tsami yana cinye shi, kuma ƙananan zanen nan su ne farkon tafiya. Buroshin waya ma haka yake yi. Idan akwai ƙananan halittu manne a bayansa, ka bar su, shaida ce ta yadda ƙasan tekun yake a lokacin.

Abin da ya fi damunmu shi ne a raba ƙwanso da bayanin inda aka samo shi. Tun kafin a wanke, a rubuta wurin da shimfiɗar da ya fito a takarda, a ajiye su tare. Jinsunan Chesapecten sun biyo juna ne hawa-hawa cikin ƙasa, don haka ƙwanson da ruwa ya goge haƙarƙarinsa, shimfiɗar da aka ciro shi ce za ta taimaka a gane ko wane ne.