Ƙunshin Invader: a buɗe ko a ajiye?

Malam, ka tambaya ko ya dace ka buɗe ƙunshin Invader da ƙanenka ya kawo maka Abuja daga Faransa. Invader, mai zanen da ya fara manna ƙananan tayil a bangayen birnin Faris a 1998, ƙidayayyun ƙunshin irin waɗannan tayil yake fitarwa a cikin leda, kowanne da lambarsa, shi ya sa masu tarawa suka fi daraja wanda ba a yage ledarsa ba. Ni dai a ganina, ka bar shi a rufe, nesa da rana da danshin damina, domin su ne ke lalata leda da takardar da lambar take kai. Rasidin saye ma ka adana shi da kyau, saboda jabu sun yi yawa a kasuwa.