Farfaɗiyar da Ta Ƙi Jin Magani

Tambaya: Likita, 'yata budurwa ta daɗe tana shan phenobarbital, amma farfaɗiya ba ta daina kayar da ita ba. Mu bar maganin ne? Daga wata uwa a karkarar Gumel.

Amsa: Baiwar Allah, kada ku bari, domin yanke magani farat ɗaya yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa. Ku kai ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda likitan ƙwaƙwalwa zai iya sauya mata zuwa levetiracetam ko lamotrigine sannu a hankali. Sodium valproate yana aiki sosai, sai dai yana cutar da ɗan tayi, shi ya sa ake kaffa-kaffa da shi ga mai shirin aure. Kafin nan, kada ta je rijiya ko bakin murhu ita kaɗai.