Amsa ga ƙanwata mai son karanta aikin walwalar jama'a a Ingila

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Kin ce kin gama digirin farko a ilimin zamantakewa, kina neman gurbin digiri na biyu a fannin walwalar jama'a a nan Ingila, kina kuma tambaya ko aikin yana da makoma, ko gaskiya ne da ake cewa yana tsufar da mutum da wuri. Yana da makoma, kuma yana cin rai. Ni ina cikinsa, ina son sa, shi ya sa ba zan ɓoye miki komai ba.

Za ki ji masu cewa ki fara shigowa ta aikin kula da tsofaffi a gidajen jinya, daga baya ki sauya. Aiki ne mai daraja, amma hanyarsa daban, kuma tun Yulin 2025 gwamnati ta daina ba da bizarsa ga masu zuwa daga waje. Jami'ar walwala kuwa, wato ma'aikaciyar walwalar jama'a, da doka take aiki. Ba mai amsa wannan suna sai wanda ya yi rajista da hukumar Social Work England, wadda ta karɓi ragamar a Disambar 2019, kuma duk shekara sai an sabunta rajistar zuwa 30 ga Nuwamba. Don haka kafin ki biya ko sisi, ki duba ko kwas ɗin yana cikin jerin waɗanda hukumar ta amince da su. Karatun shekara biyu ne, da kwana 200 na koyon aiki, yawancinsu a fili kuma ba albashi. Bizar ɗalibi awa 20 kawai ta yarda ki yi aikin kuɗi a mako lokacin zango, tallafin karatun da ake ba mazauna ƙasa ba ya isa ga ɗalibar waje, kuma tun Janairun 2024 mai irin wannan digiri ba ta zuwa da miji ko 'ya'ya. Ki yi lissafinki da idon basira. Ki kuma koyi tuƙi, don rabin aikin a kan hanya yake.

Bayan kammalawa akwai shekarar farko da ake kira ASYE, inda ake rage wa sabuwar jami'a nauyi, ana bibiyar aikinta. Daga nan hanya ta rabu. Akwai ɓangaren manya, ƙarƙashin dokar kulawa ta 2014 da dokar 2005 kan ikon mutum na yanke wa kansa shawara: tsoho mai cutar mantuwa da asibiti ke son sallama alhali ba kowa a gidansa, ko mai naƙasa da dangi ke cinye masa kuɗi. Wadda ta ƙware a lafiyar ƙwaƙwalwa za ta iya ƙara horo ta zama AMHP, mai neman a tsare mara lafiya a asibiti bisa dokar 1983. Akwai sashen riƙon yara, akwai hukumar Cafcass mai magana da yawun yara a kotunan iyali, akwai koyar da ɗalibai da shugabancin sashe.

Amma inda guraben suka fi yawa, inda kuma aka fi tura sababbi, shi ne kare yara, kuma a nan wahalar take. Ranar Juma'a da ƙarfe huɗu da rabi, kin fara tattara jaka, sai waya daga makaranta: malama ta ga shatar bulala a bayan yaro ɗan shekara bakwai. Sashe na 47 na dokar yara ta 1989, wanda ya wajabta bincike idan ana zargin ana cutar da yaro, ya hau kanki ke nan. Ki tattauna da 'yan sanda, ki zauna da yaron a ofishin shugabar makaranta yana kallon takalminsa, ki kai shi likita ya duba, ki ƙwanƙwasa ƙofar uwar da ke kuka tana zaginki. Ƙarfe tara na dare kina cikin mota kina jiran a samo masa wurin kwana. Idan kin isa gida, kwamfuta na jiranki, domin abin da ba a rubuta ba tamkar ba a yi shi ba ne. Sannan wa'adi ya fara gudu: kwanakin aiki 15 a kira taron kare yaron, 45 a gama binciken iyali, mako 26 a kammala shari'a idan an je kotu, inda lauya zai tsefe kowace jimla da kika rubuta. Sauran yaran da ke hannunki kuma ba su san da wannan ba, kowanne na jiran ziyararsa.

Wannan tsaurin ba daga sama ya faɗo ba. Victoria Climbié, 'yar shekara 8 da aka kawo daga Kwaddebuwa, ta mutu a Landan a 2000 a hannun masu riƙonta, bayan jami'ai da asibitoci sun gan ta ba su cece ta ba. Binciken da Lord Laming ya jagoranta kan mutuwarta, wanda rahotonsa ya fito a 2003, ya haifi dokar yara ta 2004. Mutuwar Peter Connelly, wani ƙaramin yaro a yankin Haringey na Landan, a 2007 ta ƙara zafin abin, jaridu suka yi wa jami'ai caa. Rahoton Farfesa Eileen Munro na 2011 ya nuna takardu sun cinye lokacin da ya kamata a ba yara, amma har yau muna fama. A ganina abin da ke karya mutane shi ne tsoron da ke kwana da su, wai ko akwai alamar da ta wuce ni ban gani ba.

Akwai kuma nauyin da mu baƙi ke ɗauka daban. Wata rana ƙofar da za ki buga ta 'yan'uwanmu ce, su amsa miki sallama da murna, sai fuska ta sauya da suka ga katin wuyanki. Za a ce kin zama 'yar koren Turawa mai ƙwace 'ya'yan mutane. Ki sani jami'a ba ta da ikon ɗauke yaro ita kaɗai: sai da umarnin kotu, ko yardar iyaye, ko 'yan sanda su tsare shi na awa 72. Sau da yawa zuwanki ne ke sa a fahimci iyali, a tallafa musu yaro ya zauna a gidansu. Don irin wannan ranar nake nan har yanzu.

Shawarata, tunda ba ki da dangi kusa da za ki sauke wa damuwa da dare, ki nemi a ba ki horo ɗaya a ɓangaren manya, ɗaya a na yara, ki ga wanda zuciyarki za ta ɗauka. A ranar ganawar ɗaukar aiki kuma kada ki ji nauyin yin tambaya: yara nawa ke hannun kowace jami'a, sau nawa a wata shugabar sashe ke zama da ita su bi aikinta ɗaya bayan ɗaya, ma'aikata nawa suka bar sashen bara. Idan suka kama kame-kame, ki nemi wata ƙaramar hukumar ko da albashinta bai kai ba. Ki shiga ƙungiyar ƙwadago, UNISON ko ta BASW, ƙungiyar ma'aikatan walwalar jama'a ta Birtaniya, tun watan farko. Turo mini sunayen jami'o'in da kike dubawa mu tantance su tare kafin ki cike takarda. Allah ya yi miki jagora.