Wane jifa ne ya fi kowanne a daƙiƙun ƙarshe? Ga nawa ma'aunin

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗan'uwanmu ya tambaya wane jifa ne ya fi kowanne girma a daƙiƙun ƙarshe na wasa a tarihin ƙwallon kwando, kuma na ga mafi yawan amsoshi sun tsaya a kan jifan da Michael Jordan na Chicago Bulls ya yi wa Utah Jazz a 1998. Ina girmama wannan ra'ayi, amma ba shi ne nawa na ɗaya ba. Tun ina sakandare nake buga wasan nan, yanzu kuma da gwiwa ta ƙi sai na koma koya wa yara da yamma. Na daɗe ina raba dare a kan wasannin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, tun lokacin da sai an haɗa kuɗin man janareta kafin a kalla.

Ɗan'uwa, kafin ka jera jifa-jifan nan, ka fara yi wa kowanne tambaya ɗaya: da ƙwallon ba ta shiga ba, me zai faru? Idan ana kunnen doki ka jefa ka kuskure, ƙarin lokaci za a tafi, ba wanda zai zage ka. Idan kuwa ana gabanku, kuma kuskuren yana nufin wahalar shekara guda ta tashi a banza, wannan wani nauyi ne daban. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙwallo a irin wannan hali, ko a gasar unguwa ce, ya san yadda tafin hannu ke jiƙewa, ƙafa ta yi nauyi, kwandon ya ƙanƙance a ido. Da wannan ma'aunin, nawa na ɗaya shi ne jifan Ray Allen, ɗan wasan Miami Heat, na ranar 18 ga Yuni, 2013.

Wasa na shida ne a zagayen ƙarshe, Miami Heat da San Antonio Spurs. Spurs sun ci uku, Miami biyu, wato Spurs na cin wannan sun ɗauki kofi. Saura daƙiƙa 28, Spurs na da 94, Miami 89. Ma'aikatan fili har sun fito da igiyar nan mai ruwan ɗorawa da ake kewaye fili da ita don bikin miƙa kofi, 'yan wasan Miami suna kallo. Wasu magoya bayan Miami sun tashi sun fice, daga baya suka dawo suna buga ƙofa aka hana su shiga. LeBron James na Miami ya jefa maki uku, aka koma 94 da 92. Aka yi wa Kawhi Leonard na Spurs laifi, yaro ne lokacin mai shekara 21, ya zubar da jifan kyauta ɗaya ya ci ɗaya, 95 da 92. Kocin Spurs Gregg Popovich ya zaunar da dogon ɗan wasansa Tim Duncan a benci domin ya sa masu saurin da za su tare masu jifan nesa, alhali Duncan ya ci maki 30 a daren. LeBron ya sake jefawa daga nesa, ta daki ƙarfe ta dawo. Da yake babu Duncan a ƙarƙashin kwando, Chris Bosh na Miami ya yi tsalle ya cafe ta.

A nan nake so ka sake kallon bidiyon, ka bar ƙwallon, ka zuba ido a ƙafafun Allen. Lokacin da Bosh ya cafe, Allen yana kusa da kwando, shi ma ya shigo neman ƙwallon. Sai ya ja da baya da baya zuwa kusurwar dama, bai kalli ƙasa ko sau ɗaya ba. A wannan kusurwa, tsakanin layin maki uku da layin fita ƙafa uku ne kacal, bai kai mita ɗaya ba. Ya taka na gaba, maki biyu ne, an ci su. Ya taka na baya, ya fita, an ci su. Ƙwallon ta iso hannunsa daidai lokacin da ƙafafunsa biyu suka sauka a tsakiya, Tony Parker ya taso masa, ya tashi ya saki. Ta shige, 95 da 95, saura daƙiƙa 5.2. Sai da alƙalai suka je suka duba bidiyo suka tabbatar bai taka layi ba. A wajenmu ana daf da kiran assalatu, ihun da muka yi ya tada maƙwabta.

Ina sa yarana wannan atisaye, su tsaya ƙarƙashin kwando su ja da baya zuwa kusurwa ba tare da kallon ƙasa ba, in jefa musu ƙwallo. Babu mai tsaro, babu 'yan kallo, babu agogo, amma mafi yawansu sai sun taka layi, wanda bai taka ba kuma jikinsa na rinjaya baya, jifan ya gaza kaiwa. Allen yana da shekara 37 a lokacin, kuma an san shi da wani atisaye da yake kwanciya a ƙasa, ya miƙe da sauri, ya ja da baya zuwa bayan layi ya jefa. Abin da mutane suka ɗauka sa'a ce, mutumin ya shekara da shekaru yana shirya mata. Da ma an ce sai an sha wuya ake shan daɗi.

Na san abin da za a ce mini: ai jifan bai ci wasa ba, kunnen doki ya yi. Gaskiya ne. Sai da aka yi ƙarin lokaci Miami ta ci 103 da 100, Bosh ya tare jifan Danny Green na ƙarshe, sannan suka ci wasa na bakwai 95 da 88. Da sun faɗi, da labarin ya zama irin na Jerry West na Los Angeles Lakers, wanda a 1970 ya jefa daga bayan tsakiyar fili, kimanin ƙafa 60, a kan New York Knicks, ta shiga. Lokacin babu layin maki uku a NBA, sai 1979 aka kawo shi, don haka maki biyu aka ba shi, aka tafi ƙarin lokaci, Lakers suka sha kashi. Yau yara kaɗan ne suka san wannan jifa. To amma a lokacin da ƙwallon ta bar hannun Allen, kofin yana hannun Spurs, kuma babu wata dama bayan wannan. Shi ya sa na fifita shi.

Jordan a 1998 kuwa, abin da ya sa nake jinjina masa ya wuce jifan kansa. Wasa na shida a Salt Lake City, Scottie Pippen na Chicago yana fama da ciwon baya, da ƙyar yake tafiya. John Stockton ya jefa maki uku, Utah 86, Chicago 83, saura daƙiƙa 41. Jordan ya kutsa ya ci biyu. Ya dawo tsaro, ya lallaɓo ta bayan Karl Malone ya doke ƙwallon daga hannunsa. Ya taho da ita a hankali, bai miƙa wa kowa ba, ya kaɗa Bryon Russell, ya tashi ya jefa, 87 da 86, shi ma saura 5.2. Daga jifan Stockton zuwa nan babu wani ɗan Chicago da ya yi komai da ƙwallon in ban da mai shigo da ita daga waje. Maki 45, kofi na shida. Maganar ko ya ture Russell da hannun hagu, ni a ganina ya taɓa shi, amma Russell ya riga ya tafi, ƙafarsa ta riga ta zame. Abin da ya sa na ajiye shi a na biyu shi ne Chicago ce ke gaba da wasa uku da biyu, ko ya kuskure akwai wasa na bakwai. Idan nauyin kuskure ake aunawa, jifansa na 1989 a kan Craig Ehlo na Cleveland ma ya fi: wasa na biyar ne na raba gardama, ana gabansu 100 da 99, saura daƙiƙa 3, ya rataye a sama har Ehlo ya wuce sannan ya saki. Sai dai wancan zagayen farko ne, ba kofi ake miƙawa ba.

Wanda ya fi taɓa zuciyata daban ne da wanda na ce ya fi girma. Ranar 12 ga Mayu, 2019, cikin azumi, Toronto Raptors da Philadelphia, wasa na bakwai. Ana 90 da 90, saura daƙiƙa 4.2. Kawhi, wannan yaron da ya zubar da jifan kyauta a 2013, wanda a lokacin ya koma Toronto, ya karɓa ya zagaya da gudu zuwa kusurwar dama, Joel Embiid na Philadelphia mai tsawon ƙafa bakwai yana biye da shi. Ya jefa ta sama sosai don ta tsallake hannun Embiid, ƙararrawa ta kaɗa, ƙwallon ta sauka a kan ƙarfe ta yi tsalle sau huɗu, Kawhi ya tsuguna a gefen fili yana leƙe, sannan ta faɗa. Shi ne karo na farko a tarihin NBA da aka raba wasa na bakwai da jifan da ya shiga bayan ƙararrawa. Mu da muke kallo mun rabu biyu, domin Embiid ɗan Kamaru ne, Pascal Siakam, wanda yake Toronto a lokacin, shi ma ɗan Kamaru ne, shugaban Toronto na lokacin kuma Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a can ya fara buga ƙwallon kwando. Embiid ya fita yana kuka, Marc Gasol ya rungume shi yana rarrashi. Ba wanda ya koma barci a cikinmu har sahur. Toronto ta wuce ta ɗauki kofin a shekarar. Duk da haka kunnen doki ake, da ta faɗo waje ƙarin lokaci za a yi.

Haka na Kyrie Irving na Cleveland a 2016, a kan Stephen Curry na Golden State, saura daƙiƙa 53 a wasa na bakwai. Ana 89 da 89, an ɗauki mintuna ba wanda ya iya ci, ya ja da baya ya jefa maki uku. Ya kawo wa birnin Cleveland kofin da suka shekara 52 suna jira, a kan ƙungiyar da ta ci wasa 73 a kakar. Na sa shi na uku.

Kada kuma a manta da waɗanda ba taurari ba. John Paxson a 1993 da Steve Kerr a 1997 su suka rufe wa Chicago kofi biyu, saboda an taru a kan manya an bar su su kaɗai, aka kuma yarda aka miƙa musu. Derek Fisher na Lakers a 2004, a kan Spurs, ya juya ya jefa da saura 0.4 na daƙiƙa, bayan Duncan ya ci wani jifa mai wuya da kowa ya ɗauka shi ne na ƙarshe. Robert Horry ya yi wa Sacramento a 2002, ya yi wa Detroit a 2005, ya yi ritaya da kofi bakwai. Ina yawan ba yarana labarin waɗannan, musamman wanda yake fushi don ba a fara wasa da shi.

Akwai guda ɗaya a wajen NBA da ya cancanci a ambata, wasan ƙarshe na gasar Olamfik a Munich, 1972. Amurka ba ta taɓa faɗuwa ba a ƙwallon kwandon Olamfik kafin ranar. Doug Collins ya ci jifan kyauta biyu, Amurka 50, Tarayyar Sobiyet 49, saura daƙiƙa 3. Saboda ruɗanin agogo da neman hutu, sau uku Sobiyet ta shigo da ƙwallon, bayan William Jones, sakataren hukumar ƙwallon kwando ta duniya FIBA, ya sauko ya ce a mayar da daƙiƙa ukun. A na ukun Ivan Edeshko ya wurga ta daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan, Alexander Belov ya cafe a tsakanin Amurkawa biyu ya saka, 51 da 50. Amurka ta ɗaukaka ƙara aka ƙi, 'yan wasanta suka ƙi karɓar lambar azurfa, har yau ba su karɓa ba. Nauyin da ke kan Belov ya kai na Allen ko ya fi, kuma wurgin Edeshko abin a koya wa yara ne. Ban sa shi a jerina ba saboda sau uku aka ba su damar, Allen kuwa sau ɗaya ya samu.