Ina so in mayar da gareji wajen aiki, me zan fara saya?

Tambaya: Salam Malam. Ina da gareji a gida, faɗinsa mita 3 da rabi tsawonsa mita 6, ina so in riƙa ɗan aikin katako da gyaran motata a ciki ranakun hutu. Na tara kuɗi, har na zaɓi injin yanka katako da kwamfreso (injin matsa iska) da injin walda. Wanne zan fara ɗaukowa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Gaskiya ko ɗaya kar ka saya tukuna, riƙe kuɗinka. Samu alli da tef ɗin awo ka shiga garejin, ka shigar da motar ka buɗe ƙofofinta duka, ka zagaye ta da alli a ƙasa, sannan ka fitar da ita ka zana inda teburin aiki zai zauna da inda kowane inji zai tsaya. A nan za ka ga abin da ya rage maka, kuma na san zai ba ka mamaki don mita 3 da rabi ba wani fili bane idan mota na ciki. Ka tuna falle ɗaya na filawud santimita 122 ne da 244, toh injin yanka katako sai ya samu fili gabansa da bayansa kamar tsawon fallen nan kafin ka iya tura shi ya wuce, shi yasa a wuri irin naka nake ba da shawarar duk wani abu mai nauyi a sa masa tayoyi masu birki, ka gama aiki ka tura shi jikin bango.

Kuɗin farko kuma wayarin za ka kai su. Mutane da yawa nan suke yin kuskure, a sayo injin walda a soka shi a soket ɗaya tilo da aka sa don kwan fitila da cajin waya, brika, wato makunnin da ke yanke wuta idan lodi ya yi yawa, ta yi ta faɗuwa ko waya ta yi zafi a cikin bango ba wanda ya gani. Inji mai moto kamar kwamfreso lokacin da zai tashi yana jan wuta ninki biyar ko fiye na abin da yake ja idan ya daidaita. Ka kira ƙwararren mai wayarin, ka nuna masa jerin injinan da kake shirin saya har da waɗanda sai nan da shekara biyu, ya ja wa garejin layinsa daban da ƙaramin akwatin brika, walda da kwamfreso kowanne da nasa layin da waya mai kauri, fitilu ma daban saboda kar brika ta faɗi ka tsinci kanka cikin duhu zarto na juyawa a gabanka. Ka nace a sa RCD mai 30mA, ita ce ke yanke wuta idan ta fara bi ta jikin mutum, a kuma tabbatar an yi at mai kyau, wato wayar da ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa. Soket ɗin a ɗaga su sama da tebur, wajen santimita 110 daga ƙasa, a sa fiye da yadda kake zaton kana buƙata.

Bayan wuta sai haske, dogayen fitilun LED farare a sama da wata guda daidai kan tebur, sai teburin kansa mai nauyi wanda ba ya rawa, tsayinsa daidai wuyan hannunka idan kana tsaye. Injinan kuma aiki ne zai gaya maka, ranar da ka ga aikin da ke hannunka ya tsaya saboda babu kaza, ranar ka sayo shi. Idan ka zo kan kwamfreso kar girman tanki ya ruɗe ka, duba lita nawa na iska yake bayarwa a minti ɗaya ka gwada da abin da bindigar fenti ko spanarka mai iska ke buƙata.

Tambaya: Ni sabon gini zan yi daga tushe. Magini ya ce kankaren ƙasa inci 3 ya isa tunda ba bene bane. In yarda?

Amsa: A'a Alhaji, kar ka yarda. Inda mota za ta hau kar ya gaza santimita 10 wato inci 4, idan kuma kana da burin kafa lif na ɗaga mota wata rana ka yi santimita 15 da rodi a ciki, ka kuma ɗaga rufin ya kai wajen mita 3.6 tun yanzu. Ƙasan nan ita ce abu ɗaya da ba za ka iya sakewa ba sai ka kwashe komai waje an farfasa. A daddale cikon sosai kafin a zuba, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashi don danshi kar ya riƙa tasowa, shi ne ke sa kayan ƙarfe tsatsa katako kuma ya kumbura. A ɗan karkata daɓen zuwa ƙofa. Bayan an zuba a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, don Allah ka yi haƙuri kar ka shigar da mota da wuri. Bututun wayar wuta a binne su kafin kankare, takardar izinin gini kuma ka karɓo ta kafin a haƙa tushe.

Tambaya: Malam maigidana yana aiki a gareji da ke manne da ɗakin yara, yana fenti a ciki kuma wani lokaci yana tayar da janareta ƙofa a rufe. Hankalina bai kwanta ba, me zan ce ya saya?

Amsa: Hajiya kin yi daidai da kika damu. Maganar janareta babu wani abu da za a saya ya gyara ta, fitar da shi waje za a yi yau ɗin nan, nesa da taga. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana bi ta ƙasan ƙofa da tsagar bango ta kashe mutum yana barci, haka ma barin mota a kunne a ciki. A sa na'urar da ke ƙara idan ta ji iskar a kusa da ɗakin yaran. Don fenti da ƙura kuma a sa fanka mai zuƙe iska a bango ɗaya da taga a ɗaya ɓangaren, shi kuma ya sa takunkumi mai matatar sinadari don na kyalle ba ya tare warin tina. Fetur da tina su zauna cikin kabad na ƙarfe nesa da inda ake walda. Tsummokaran da aka goge man katako da su, musamman man linsid, kar a tara su dunƙule a kwana don suna iya kama wuta da kansu, a baza su a waje su bushe ko a jiƙa su da ruwa cikin gwangwani mai murfi. Sai tukunyar kashe gobara mai hoda wadda aka rubuta ABC a jikinta, a rataye ta bakin ƙofar fita, ke ma ya nuna miki yadda ake zare fil ɗinta.