Amsa kan MANOVA: ka zaɓi ma'aunanka tun kafin ka ga sakamako

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Rukuni uku gare ka, biyu sun sha magani iri daban-daban, na uku an ba su ƙwayar da babu magani a cikinta. Ka auna hawan jini na sama da na ƙasa, kitsen jini da nauyin jiki, kana so ka san ko ANOVA huɗu za ka yi (gwajin lissafi da ke kwatanta rukunai a kan ma'auni ɗaya) ko MANOVA guda (wadda ke kwatanta su a kan ma'auni da yawa lokaci ɗaya).

Matsalar ANOVA huɗu ita ce kowane gwaji a kan 0.05 yana da nasa rabon kuskure, wato yiwuwar kashi 5 cikin ɗari ta nuna bambancin da babu shi. In ma'aunan ba su da alaƙa, yiwuwar ka ga bambancin da babu shi a ƙalla sau ɗaya ta kusan kashi 19 cikin ɗari. MANOVA kuwa tambaya ɗaya take yi: shin rukunan sun bambanta in aka dubi ma'aunan a haɗe? Hawan jini na sama da na ƙasa tare suke tafiya, don haka ta dace da aikinka.

Amma ga inda na taɓa ƙona hannu. A wani bincike na zuba ma'auni tara, alhali kowane rukuni mutum 12 ne kacal. Na kwana ina kallon teburin Wilks, ɗaya daga cikin alƙaluman sakamakon MANOVA, babu wani bambanci, ga gwajin Box, mai duba ko yaɗuwa da alaƙar ma'aunan iri ɗaya ne a duk rukunan, yana ta ja mini kunne. Laifina ne, duk abin da na auna na jefa ciki don kada ya tafi a banza. Kowane ma'aunin da ba shi da dalili yana cin ƙarfin gwajin. Ka rubuta waɗanda za ka gwada tun kafin ka buɗe bayanan.

A manhajar lissafi ta SPSS za ka ga alƙaluma huɗu na sakamakon MANOVA: Pillai, Wilks, Hotelling da Roy. Ni Pillai nake ɗauka, musamman in yawan mutanen rukunan bai zo daidai ba, domin ya fi jure karkacewar bayanai. Shi ne ma manhajar lissafi ta R ke fitarwa in ba ka zaɓi wani ba. Gwajin Box yana da saurin tsorata, shi ya sa da yawa ba sa damuwa sai sakamakonsa ya sauka ƙasa da 0.001 maimakon 0.05.

In MANOVA ta nuna bambanci, ba ta faɗa maka a wane ma'auni yake ba. Sai ka koma ka duba kowanne da gyaran Bonferroni, wato 0.05 raba huɗu, 0.0125. Mutum nawa ne a kowane rukuni naka?