Ɗana ya shiga nazire bakinsa ya canza

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah ina neman shawara. Yarona shekara uku da rabi, na saka shi nazire a nan Kawo wata huɗu kenan, da can ba ya son magana amma yanzu baki ya buɗe, sai dai buroka yake kwasowa, in na kira shi sai yace "wetin", jiya har uwaka ya cewa yayarsa. Kakarsa tace a cire shi kar Hausarsa ta lalace. Ya zanyi? Maman biyu, Kawo.

AMSA: Wa'alaikissalam 'yar'uwa. Toh ni dai abin da na fara gani a wasiƙarki shi ne yaron da ba ya magana ya fara magana, wannan ai abin barka ne. Malama mutum ɗaya ce, yara kuwa sun cika aji, da su yake rigimar lilo da rabon biskit, kuma dole ya nemi kalmar da za su gane in yana son a yi wasa da shi, shi yasa zakiga ɗan Bayarabe da ya tashi a Tudun Wada yana Hausa tamkar jakin Kano alhali iyayensa har yau da gargada suke yi.

An yi wani bincike a Amurka a 2011 kan yara 338 a azuzuwa 49, aka ga yaran da bakinsu bai buɗe sosai ba su ne suka fi tasirantuwa da 'yan ajinsu, in an haɗa su da masu iya magana sai su ci gaba, in duk ajin irinsu ne sai su tsaya cik. Kinga kenan irin naki ne ya fi buƙatar abokan.

Buroka kuma a Kaduna ai sai dai haƙuri, ko Kasuwar Barci kika je zaki ji ta, kuma haɗa yare biyu ba ya rikita yaro, da kansa zai ware su. Ki lallaɓa Hajiya, ki ma ba ta aikin, ta dinga yi masa gatanan gatanan ku da daddare, ke kuma in yace wetin ki amsa masa da Hausa kawai.

Zagin ne ban yarda da shi ba. Kar kowa ya yi dariya in ya yi, don dariyar yake nema, ki kuma sanar da malamarsa. In kinje ki ɗan leƙa ajin kiga ko ana barinsu su yi hira da junansu ko kuwa haddar ABCD ce tun safe har a tashi.